Jirgin Kyaftin da Ya Zauna a Kan Wutsiya

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu da alayensa da sahabbansa.

Malam Liman, wanda ya buɗe mana zaman nan da addu'a. Shugaban asibiti da abokan aikin marigayi. Shugabar ɗakin karatu, wadda ta ba mu wannan zaure yau kamar yadda take ba mu ɗakin baya duk Asabar. Hajiya, uwargidan marigayi. Ɗansa Injiniya da ƙannensa. Dangi, maƙwabta, da 'yan ƙungiyarmu ta masu haɗa ƙananan jirage, assalamu alaikum.

Waɗanda ba su san ni ba, Sufeto ake ce mini. Na ƙare aikina ina duba sikelin 'yan kasuwa da famfunan gidajen mai, in sikeli ya yi daidai in matse masa hatimin dalma, in bai yi ba in ɗauke shi. Aiki ne da ke koya wa mutum rashin yarda. In ka ce mini kilo ɗaya ne, sai na auna. In ka gaishe ni da fara'a da yawa, sai na leƙa ƙarƙashin teburinka. Saboda wannan hali ne ƙungiyarmu ta naɗa ni alƙalin gasa, kuma ina zargin saboda shi ne aka zaɓe ni in yi magana yau. Kun san akwai zancen da ke yawo, kowa yana so a taɓa shi, ba wanda yake so ya fito daga bakinsa. To, zan taɓa. Amma bari in fara da mutumin.

Mu dai Kyaftin muke ce masa, alhali bai taɓa shiga jirgin sama ba. Tsoro yake ji. Ko kan tsani in ya hau, sai Hajiya ta riƙe masa ƙafar tsanin tana yi masa addu'a. Ya kasance mai ɗaukar hoton ƙashi a asibiti tun yana saurayi har ya yi ritaya, kuma mutanen asibiti suna nan, su ƙaryata ni in na ƙara gishiri. Ya kasance in an kawo yaro da karaya yana ihu, ba ya danne shi. Sai ya ciro ƙaramin jirgi daga aljihun farar rigarsa ya ce, "Riƙe mini wannan da hannun mai lafiya, kada ya tashi." Kafin yaro ya gama kallon farfela an gama hoto. Ya kasance ba ya korar tsohuwar da ta zo bayan an tashi, ba ya kuma ɗaga wa masu share ɗaki murya. A unguwarmu, duk wanda aka ba shi hoton ƙirji ya kasa barci, wajensa yake kaiwa. Ya ɗaga hoton a hasken taga ya ce, "Ni ba likita ba ne, amma koma gobe, kada ka bari sai jibi." Akwai mutane a zauren nan da wannan maganar ta tsawaita musu kwana da yardar Allah.

Ga baƙinmu da ke mamakin abin da manyan mutane masu furfura suke yi duk Asabar, ga shi a taƙaice. Jirgin yana zuwa a kwali, gutsattsarin roba ne. A yanka kowane gutsure da reza, a goge shi da samfefa, a haɗa da gam, a cike tsaga, a sake gogewa har layin haɗin ya ɓace. Sannan fenti, sannan tambarin da ake jiƙawa a ruwa a zame shi kan fiffike da hantsaki. Jiragen yaƙin da ya wuce tun ba a haife mu ba muke yi, jirgin da a gaske ya fi gidan nan faɗi, sai ga shi a tafin hannu biyu. Dokar gasarmu kuma ɗaya ce tak: jirgi ɗaya, hannu ɗaya. Ba wanda zai taya ka ko ɗigon fenti.

Ranar da na fara ganin Kyaftin, korar jirginsa na yi daga gasa. Ya kawo jirginsa na farko gasa, irin mai taya uku, biyu a ƙarƙashin fukafukai, ɗaya a ƙarƙashin hanci. Irin waɗannan suna da wani sharri da duk mai wannan sana'a ya sani. Robar wutsiya ta fi ta gaba nauyi, don haka in ba ka ɓoye wani abu mai nauyi a cikin hancin ba kafin ka rufe, jirgin zai zauna a kan wutsiya, hanci a sama, kamar akuyar da ke neman ganye. Nasa haka ya yi. Shi kuma sai ya lallaɓa ya tokare wutsiyar da kwalin ashana, ya rufe da ɗan ƙyalle wai ciyawar filin jirgi ce. Ni da nake gano maganaɗisu a ƙarƙashin sikelin mahauta. Na zare kwalin a gaban kowa, jirgi ya zauna daɓas. Na ɗauka zai yi fushi ya tafi. Dariya ya yi har da hawaye, ya ce, "Kai wane irin mutum ne?" Na ciro hatimin dalma biyu daga aljihuna na ba shi, na ce nan gaba ya sa a hanci. Tun daga ranar, duk jirgi mai taya a hanci da zai haɗa, sai ya ƙwanƙwasa mini ƙofa ya ce, "Sufeto, na zo karɓar nauyina." Ko sau ɗaya bai nemi dalma a wani wuri ba.

Ya kasance ɗan burushi ne na gaske. Ya kasance yakan shafa fenti siriri, ya bari ya bushe, ya sake shafawa, har ba za ka ga sawun gashi ba. Ya kasance yana fentin cikin ɗakin matuƙi, har agogunan da ba wanda zai sake gani in an rufe gilashi. In ka tambaye shi sai ya ce shi ya san suna nan.

To, ga zancen da ke yawo. Duk mun ga abin da ciwo ya yi wa hannunsa a shekarun nan na ƙarshe. Mun ga yadda yake riƙe kofin shayi da hannu biyu, rabi kuma ya ƙare a faranti. Ya daina kawo aiki gasa, yana zuwa ya zauna ya kalle mu kawai. Sai ga shi bayan rasuwarsa Injiniya ya zo mini da wannan jirgin da kuke gani a kan tebur, mai injin biyu, kore da ruwan ƙasa a sama, ruwan toka a ciki. Ya ce, "Baba Sufeto, aikinsa na ƙarshe ne. Ina roƙo a sa shi a gasar bana da sunansa." Jirgin kuma ya fi duk abin da Kyaftin ya taɓa yi kyau, har a zamanin da hannunsa yake lafiya. Kafin mako ya zagayo, magana ta bi ƙungiya, ta fita ta shiga unguwa. Wai Injiniya ne ya sayo shi a haɗe daga can inda yake aiki. Wai Kyaftin ya so ya bar duniya da kofin gasa a kan aikin da ba nasa ba. Har na ji wani yana tambaya ko na baya ma nasa ne. Mutumin da bai taɓa cin amanar kowa ba, ƙasa ba ta gama bushewa a kansa ba ana auna shi da mugun sikeli.

Ni ma na yi zargi, kuma ba zan ba kowa haƙuri a kan haka ba, aikina ne. Dalilina ma ya fi naku ƙarfi. Jirgin mai taya a hanci ne, kuma Kyaftin bai zo karɓar nauyinsa ba.

Na kai jirgin gida, na ajiye shi a bakin taga da hantsi, na ɗauko madubin ƙara girma. Abu na farko, fentin sama ba na burushi ba ne. Feshi ne. Inda kore ya haɗu da ruwan ƙasa ba layi, sun shige juna a hankali kamar hayaƙi. Kyaftin kuwa bai taɓa riƙe bindigar feshi ba. Na ce to, masu magana sun yi gaskiya. Sai na kai hanci na shinshina. Mu duka da tina muke sirka fenti. Mutum ɗaya ne a ƙungiyar nan yake sirkawa da sifirit ɗin goge allura, don a shagonsa ba ya saye. Mai Magani, ina kake? Ga ka can a layin dama. Ba sai ka ce komai ba.

Na juya jirgin. Cikinsa burushi ne, lafiyayye, amma ba na Kyaftin ba. Shi daga hanci yake ja zuwa wutsiya. Wannan daga wutsiya aka ja zuwa hanci, aikin bahago. Wayar eriya kuma, wadda ta taso daga bayan matuƙi zuwa wutsiya, mu roba muke narkawa mu ja ta ta yi siriri. Wannan zaren kalmasa ne, irin marar launi da ake yi wa bakin wando, an kuma ɗaure shi da ƙullin da ba a koyon sa sai a kan keken ɗinki. Bahago ɗaya gare mu. Tela, kana layin hagu, kuma kallon takalmin da kake yi ya ishe ni amsa.

Baƙi ba za su gane abin da ya ɗaure mini kai ba, sai na bayyana. Mutanen nan biyu sun shekara ba sa ga-maciji. Mai Magani ya ce burushi aikin mutanen da ne. Tela ya ce feshi aikin masu fentin mota ne, duk wanda ya iya kashe sauro da fiya-fiya zai iya. Daga wasa magana ta zama gaba. Ɗakinmu na Asabar ya rabu biyu, 'yan feshi a wajen taga, 'yan burushi a wajen ƙofa, har butar shayi sai da ta zama biyu. Kyaftin kaɗai yake zama a tsakiya, yana sha daga kowace. To ta yaya hannun waɗannan biyu ya haɗu a jirgi ɗaya?

Na je shagon magani na tambaya. Ya ce shi bai san zancen ba, ya kuma tambaye ni ko ina shan maganin hawan jinina. Na je wajen Tela. Ya cika bakinsa da fil, ya yi ta taka keke har na gaji na tafi. Mutum biyu da ba sa magana da juna, suna yi mini ƙarya iri ɗaya. A aikina, in ka ga haka, akwai na uku da ya rantsar da su.

Na koma kan jirgin. Tambarin fiffiken hagu yana da ƙwayar iska a ƙarƙashi, kuskuren wanda bai taɓa yi ba. Injiniya, ɗana, na san ka zo hutu, na san ya ce maka, "Zo ka ɗan zame mini wannan, idona ba ya gani." Ka ɗauka ba komai ba ne, shi ya sa ka kawo mini jirgin da zuciya ɗaya. Sannan na leƙa ta gilashi na dubi matuƙin, ɗan mutum-mutumin da bai kai ƙwayar wake biyu ba. An yi masa furfura a gemu. An yi masa tabarau. An kuma ɗiga masa ɗan tabo a saman girar dama, daidai inda murfin injin hoto ya taɓa fasa wa Kyaftin goshi tun kafin a haifi Injiniya. Hajiya, ki gafarce ni. Duk tsawon zamanku kina cewa warin gam yana sa miki ciwon kai, kina korar mu daga falo da tsintsiya. Ban san wanda ya san tabon nan har ya iya ɗiga shi da bakin allura ba in ba ke ba.

Sai tambayar da ta fi duka: ina hannun Kyaftin? Yana nan. Haɗin nasa ne, daga farko har ƙarshe. Ba wanda ke ɓatar da layin haɗi kamarsa, kuma agogunan ɗakin matuƙi duk an yi musu fenti, ko da yake wannan karon alluransu sun karkace. A ƙarƙashin fiffiken dama kuma, inda fenti bai iya ɓoyewa ba, akwai sawun babban yatsa a cikin gam. Hannu ya yi rawa, yatsa ya faɗa kan roba tana danye. A da, da ya kwana uku yana gogewa har ya ɓace. Wannan ya bar shi. Duk mai cewa sayowa aka yi, ya zo bayan addu'a in ba shi madubi. Ba kantin da ke sayar da jirgi da yatsan Kyaftin a jiki.

Don haka ku ji da kyau, ku kuma kai wa waɗanda ba su zo ba. Bai saya ba. Bai kuma ce a sa shi a gasa ba, wannan ƙaunar ɗa ce ga mahaifinsa. Abin da ya yi shi ne ya kira mutanensa ɗaya bayan ɗaya, kowa ranarsa daban, Hajiya tana tsaron ƙofa kada su haɗu. Ya nuna wa kowa hannunsa mai rawa ya ce, "Kai kaɗai na faɗa wa, ka rufa mini asiri." Mai Magani ya fesa sama yana zaton Kyaftin ne zai ƙarasa ciki. Tela ya shafa ciki yana mamakin yaushe Kyaftin ya koyi feshi, kunya ta hana shi tambaya. Ya kasance mai haƙuri, ya kasance mai tausayi, amma yau zan ƙara muku wadda ba a faɗa a taron makoki: ya kasance mai wayo fiye da yadda muka zata.

Akwai abin da ya tsaya mini a rai, zan kuma faɗe shi don ya yi mini ciwo. Ya kira kowa, ni bai kira ni ba. Ni da muka fi shekara talatin tare. Na yi ta juya abin a raina. Na ce ko yana ganin zan tona shi ne. Na ce ko duk zaman nan kallon ɗan sanda yake yi mini, ba aboki ba. Na kasa cin abinci, har mai ɗakina ta ce in ba zan faɗa mata abin da ke damuna ba in tafi in faɗa wa jirgin.

To, ku dubi teburin. Kun ga ɗan ƙyallen da ke ƙarƙashin wutsiya? Injiniya ne ya sa, da kyakkyawar niyya, bai san tarihin ba. Bari in zare. Kwalin ashana ne. Kun gani, ya zauna a kan wutsiya.

Da na ga haka a gida, sai na ce ciwo ya sa ya manta. Amma Kyaftin zai manta sunansa kafin ya manta wannan. Na taɓa hancin jirgin, sai ya motsa. Ba a liƙe yake ba, an dai ɗosana shi ne, cikinsa wayam, an goge shi tas, an shirya wurin. Na ɗauki ƙafa na je wajen Hajiya. Na ce, "Hajiya, me ya sa ba a rufe hancin nan ba?" Ta dube ni ta ce, "Sai yanzu ka zo? Ya ce kada kowa ya taɓa wurin, akwai mai shi. Ya ce kada in aika maka, in an kira ka ba za ka yarda ba, sai ka gano da kanka."

Kun ji irin tarkon da ya ɗana mini. Ya san in ya roƙe ni yana da rai, zan ce ni alƙali ne, ba na sa hannu a jirgin kowa. Ya san kuma ba zan iya barci ba alhali akwai jirginsa a duniya yana zaune a kan wutsiya. Ko a kabari bai daina yi mini dabara ba.

Saboda haka zan yanke hukunci tukuna, tun hannuna yana da tsabta, kada gobe wani ya ce alƙali ya yi shari'ar kansa. Injiniya, ka yi haƙuri. Jirgin nan ba zai shiga gasa ba. Dokarmu hannu ɗaya ce, wannan kuwa na ƙirga biyar. Na san ka so ka kai wa Hajiya kofi da sunansa, na kuma san hukuncin nan zai yi maka zafi. Amma mahaifinka bai taɓa karɓar abin da ba nasa ba, ba kuma za mu fara karɓa masa yanzu ba. Na roƙi Shugabar ɗakin karatu, ta kuma amince, jirgin zai zauna a tsakiyar kabad ɗin gilashi na bakin ƙofa, da sunansa a ƙasa, inda duk yaron da ya shigo zai fara gani.

Hajiya, mu mun yi rashin aboki, ke kin yi rashin abokin zaman duniya, ba mu isa mu auna naki da namu ba. Ƙofofinmu a buɗe suke gare ki da yaran nan. In kuma wata Asabar gida ya yi miki shiru, kujerarsa ta tsakiya tana nan, mun ga aikinki, ba sauran zancen ciwon kai.

Na gama alƙalanci. Yanzu Tela, taso. Mai Magani, kai ma taso. Ba na ce ku gaisa ba, wannan ku da Allah. Hannuna ni ma ya fara tsufa, ina bukatar wanda zai riƙe mini fukafukai. Kai riƙe na hagu, kai na dama. A hankali, kada ku taɓa eriya. Ga hatimin dalma biyu, daga cikin na ƙarshe da suka rage mini, tun ranar da na dawo daga wajen Hajiya suke aljihuna. Injiniya, miƙo gam ɗin babanka.

Na sa su a hanci, na liƙe. To, ku sake shi tare.

Ya sauka. Tayar gaba ta taɓa tebur. Kyaftin, ga nauyinka, na kawo maka har gida tunda ka ƙi zuwa.

Muna gode wa Malam Liman, da mutanen asibiti, da Shugabar ɗakin karatu, da duk wanda ya taka ƙafa ya zo. Allah Ya mayar da kowa gidansa lafiya. Ya Allah, bawanka ya zo gare Ka, Ka fi mu sanin sa. Ka gafarta masa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haskaka shi. Ka ba Hajiya da 'ya'yansa haƙuri, Ka tsaya musu. Ka yafe mana abin da harsunanmu suka faɗa a kansa ba da sani ba. Ranar da za a kafa sikelin da ba ya kuskure, Ka nauyaya masa ma'auninsa na alheri, mu ma in tamu ta zo Ka sa mu cika da imani. Amin.